ELO furog ne ko ba furog ba? Gardamar da ta tashi a shagon caji

Ni sana'ata caji da turi, ina da ɗan shago a bakin tasha a wani ƙauye nan yankin Ringim, mutum ya kawo waya a sa masa a caji ko ya kawo memori ya ce a cika masa da karatu ko wa'azi ko waƙa. Duk wanda yake wannan sana'ar ya san rabin aikin shi ne jera folda, dan in ba ka jera kayanka ba mutum yana tsaye a kanka motar Kano na shirin tashi kai kuma kana ta lalube a kwamfuta. Ina da foldar Shata ita kaɗai, ina da ta makaɗan fada, ta 'yan fiyano, ta Indiya, ta Sudan, sai wata 'yar ƙarama ta tsofaffin waƙoƙin Turawa wadda a duk garin nan mutum biyu ko uku ne suke tambayarta, kuma ɗaya daga cikinsu kawuna ne.

Kawu ya yi aiki a wata masaƙa a Bompai a shekarun 1970, a nan ya kamu da son faifai, in an yi albashi sai ya shiga Sabon Gari ya sayo ɗaya, har yau akwai wasu a adakarsa duk da garmahon ya daɗe da mutuwa, shi ya sa ni nake nemo masa su a intanet in network ya yarda. To ƙanina da yake karatu a Dutse ya zo hutu yana taya ni zama a shago, sai ya ce Yaya wannan foldar taka ta Turawa a hargitse take bari in gyara maka, ya raba ta gida-gida, rege daban, disko daban, rok daban, ya buɗe wata ya sa mata suna furog ya zuba Yes da Genesis da King Crimson da Pink Floyd a ciki, ita kuma Electric Light Orchestra da ake taƙaitawa ELO ya kai ta gidan waƙoƙin yayi kusa da disko. Kawu ya zo karɓar memorinsa bayan la'asar ya leƙa ya gani, ya ce kai ɗan nan wa ya ce maka nan ne gidansu? Daga nan aka fara, kwana uku ana yi, daga shago a koma teburin mai shayi, ni kuma abin ya tsaya min a rai sosai dan foldar tawa ce kuma ba na son in rubuta wa abu sunan da ba nasa ba. Sai na ɗauki kusan sati biyu ina sauraron fayafayansu bi da bi tun daga na farko, da daddare in an kashe janareta, ga abin da na fahimta.

Da farko shi furog ɗin mene ne. Cikakken sunan furogiresib rok, wato kiɗan rok mai neman ci gaba, ya taso ne a Ingila ƙarshen shekarun 1960, lokacin da wasu samarin makaɗa suka ga sun gaji da waƙar minti uku wadda gidan rediyo yake so, baiti, amshi, baiti, amshi, ɗan kiɗan jita a tsakiya, a sake amshi a tashi. Suka ce za su gina waƙa yadda tsofaffin masanan kiɗa na Turai irin su Beethoven suke gina nasu, kashi-kashi, wannan kashin ya kai ka wancan, abin da ka ji a farko ya ɓace sai can gaba ya dawo da wata kama. Faifan da mutane da yawa suke ɗauka a matsayin mafari shi ne na farko na King Crimson da ya fito a 1969. A 1972 abin ya kai ƙololuwa, Yes suka fitar da Close to the Edge wadda waƙa ɗaya ta haura minti 18 ta cinye fuska guda ta faifai, Genesis suka yi Supper's Ready kusan minti 23 mai kashi bakwai, Jethro Tull kuwa waƙa ɗaya tal suka shimfiɗa a duka fuska biyu, sama da minti 40. Shi faifan garmaho babba kowace fuska wajen minti 20 take ɗauka, to ka ga sun auna waƙar ne da girman faifan ba da lokacin mai gabatar da shiri a rediyo ba.

Amma nan ne ƙanina ya fara kuskure shi ma, dan da farko cewa ya yi furog ai doguwar waƙa ce. Na ce masa in tsawo ne to mu nan gida mun riga su, Bakandamiyar Shata ba gajeriya ba ce, kuma makaɗin fada zai iya kwana yana waƙa ɗaya, Fela a Legas yakan cinye fuskar faifai da waƙa guda, babu wanda ya ce musu furog. Dalili, waƙarmu komai tsawonta tana da gindi, jagora ya tafi ya yi yawo ya kawo ɗiya, 'yan amshi su dawo da shi gida, kalangu yana riƙe da taki ɗaya tun farko har ƙarshe, daɗin ma a wannan dawowar yake. Shi furog abin da yake yi shi ne ya hana ka wannan dawowar, ko ya jinkirta ta har ka manta kana jira. Sannan akwai maganar taki, yawancin waƙoƙin da muke ji a rediyo in ka bi su da ƙafa za ka ƙirga ɗaya biyu uku huɗu ka sake, to su sai su ƙirga bakwai ko tara ko biyar, waƙar Money ta Pink Floyd ta 1973 in ka bi jitar gindin za ka ga sai ka kai bakwai kafin ta zagayo, a cikin waccan doguwar ta Genesis kuma akwai kashin da aka gina a kan tara har sun rubuta hakan a sunan kashin. Ka haɗa da nuna gwaninta, mai fiyano ko mai ganga a sakar masa fili ya yi minti uku ko huɗu shi kaɗai, da kuma faifai guda ya ɗauki labari ɗaya tun daga waƙar farko har ta ƙarshe. Ba dole sai an samu duka a waje ɗaya ba, amma in babu ko ɗaya to da wuya a kira abu furog.

Yanzu hujjar Kawu, kuma wallahi ba ƙaramar hujja ba ce. Ya ce ku duba sunan ma kawai, okestira fa suka kira kansu, wato irin taron makaɗan nan na Turai masu goge iri-iri da sarewa da ƙaho. An kafa ƙungiyar a birnin Bamingam na Ingila a 1970, mutum uku ne tushenta, Roy Wood da Jeff Lynne da mai ganga Bev Bevan, dukansu daga wata ƙungiya mai suna The Move, kuma tun farko sun faɗi niyyarsu, wai za su ɗora daga inda Beatles suka tsaya a waƙar nan tasu ta 1967 I Am the Walrus mai ƙarar manyan goge. Abin da ya bambanta su shi ne ba hayar masu goge suke yi rana ɗaya a situdiyo a sallame su ba, masu gogen 'yan ƙungiya ne, da su ake hawa dandamali, har a farkon fitarsu suka sha wahala dan ƙarar jita da ganga tana danne gogen ba a ji. Faifansu na farko ya fito ƙarshen 1971 a ƙarƙashin tambarin Harvest, wanda kamfanin EMI ya buɗe musamman dan irin wannan kiɗan, nan ne Pink Floyd ma suke. Da na saurare shi na yarda da Kawu ɗari bisa ɗari, faifan nan ba na rediyo ba ne ko kaɗan, gogen yana da kaushi kamar ana zarto, akwai wani kiɗa a ciki kan yaƙin Marston Moor da aka yi a Ingila a 1644 wanda Roy Wood ya tsara, ba amshi ba rawa, har shi Bevan ya ƙi sa gangarsa a ciki dan bai yi masa ba.

A 1972 Roy Wood ya bar su ya kafa Wizzard, ragama ta koma hannun Jeff Lynne shi kaɗai, amma ba nan take ya juya ba. Faifai na biyu na 1973 waƙa biyar ce kacal a ciki, ɗaya mai suna Kuiama ta haura minti 11, labarin marainiya ce a yaƙin Biyetnam, sannan suka ɗauko tsohuwar waƙar Chuck Berry mai ambaton Beethoven suka dinga sarƙa ta da ainihin babban kiɗan okestira na Beethoven ɗin mai lamba biyar. Na uku shi ma a 1973 ya fito, fuskar farko waƙoƙin a ɗinke suke da juna, a ƙarshensa kuma suka buga wani tsohon kiɗan Grieg ɗan ƙasar Nowe. Sai Eldorado a 1974, labarin wani mutum da ya gaji da rayuwarsa yake tserewa cikin mafarki, faifai guda labari guda, da buɗewa da rufewa, kuma a nan ne suka fara ɗauko cikakkiyar okestira da mawaƙan taro, Louis Clark ya taya su tsarawa. Kawu ya ce to in waɗannan huɗun ba furog ba ne a gaya masa mene ne. Ƙanina bai taɓa jin su ba ashe, shi abin da ya sani Mr. Blue Sky ce da ire-irenta da yake gani a TikTok da finafinai, da na kunna masa Kuiama shiru ya yi har ta ƙare.

To amma ga inda ni na rabu da Kawu. Shi Kawu yana ganin tunda akwai goge da okestira shi kenan magana ta ƙare, ni kuma na ce kayan kiɗa ba su ne suke ba wa waƙa suna ba. Mu ɗauki misali a gida, yau mawaƙin fiyano zai shiga situdiyo a Kano ya kira mai kalangu ko mai gurmi ya ɗora masa a kan bit ɗin kwamfuta, waƙar ta yi daɗi ƙwarai, amma babu dattijon da zai ce ta zama waƙar gargajiya irin ta Haruna Uji na Haɗeja dan kawai an ji gurmi a ciki, tunda tsarin baitin da tafiyar muryar da yadda aka gina ta duk na fiyano ne, gurmin baƙo ne aka gayyato. Kama da wane ba wane ba ne. Haka a can, ƙungiyar Metallica ta yi wasa da okestirar San Faransisko a 1999, mawaƙan soyayya na Amurka da na Masar da na Indiya tun tale-tale gogen Turawa ne cike a bayansu, duk wanda ya taɓa kallon tsohon fim ɗin Indiya ya san ƙarar gogen nan masu yawa, ba wanda ya ce musu furog. Kuma a juya, manyan 'yan furog da yawa ba su da mai goge ko ɗaya, wata na'ura ce mai kama da fiyano ana ce mata melotiron take kwaikwayon muryar goge daga kaset ɗin da ke cikinta, ita ma a wajen Bamingam ake ƙera ta. Tambayar da ta dace ita ce, in ka ɗebe gogen me zai rage?

Na gwada wannan da kunnena a kan fayafayan da suka biyo baya. Daga Face the Music na 1975 zuwa A New World Record na 1976, waƙoƙi irin su Evil Woman da Livin' Thing da Telephone Line, in ka cire gogen a ranka abin da zai rage waƙa ce ta minti huɗu mai baiti da amshi, takin huɗu ne daram, amshin kuma irin wanda ji ɗaya za ka yi ya manne maka kana bin gona kana rera shi ko ba ka jin Turanci. Gogen yana nan, har ya fi na da yawa da santsi, amma aikinsa ya canja, a faifan farko shi ne ginshiƙin ɗakin, a nan kuwa ya zama yaɓe da zane a jikin bango, in ka kankare shi ɗakin yana tsaye. Kuma ba kuskure ba ne ko gazawa, da gangan Jeff Lynne ya yi, shi da kansa ya sha ba da labarin cewa mahaifinsa mai son kiɗan okestira ne kuma ya taɓa ce masa waƙoƙinsa ba su da karin da za a riƙe, abin ya taɓa shi, shi ya sa a Eldorado ya zage ya rubuta Can't Get It Out of My Head wadda ita ce ta fara shigar musu goman farko a Amurka. Kun ga ke nan juyin ma a cikin faifan da Kawu ya fi kafa hujja da shi ya faro. Ni wannan labarin ya taɓa ni, dan duk wanda ya taso a gidan da uba yake da sana'a ko ilimi ya san nauyin kalma ɗaya daga bakinsa, mutum zai iya canja hanyarsa gaba ɗaya saboda ita.

Kawu bai saki ba, ya ce to Out of the Blue fa na 1977? Faifai biyu ne a kwali ɗaya, kuma fuska ta uku gaba ɗayanta an ba ta suna guda, Concerto for a Rainy Day, waƙa huɗu a jere kan ruwan sama, a fara da tsawa da zubar ruwa a ƙare da fitowar rana wato Mr. Blue Sky, kusan minti 19. Gaskiya wannan fuskar ita ce ta fi ba ni wahala, na saurare ta ranar da aka yi wani ruwa mai ƙarfi a nan ina cikin shago kwano yana ta ƙara, kuma ta shige ni ba kaɗan ba, mu da rayuwarmu take rataye da damina mun san abin da ake nufi da hadari ya haɗo da kuma garin ya washe. Shi Lynne a wani gida a tsaunukan Suwizalan ya rubuta waƙoƙin faifan bayan ya yi kwanaki gari a lumshe ba abin da ya zo masa. Amma da na nutsu sai na ga waƙoƙi huɗu ne cikakku kowacce da baitinta da amshinta aka jera su aka ɗinke bakinsu, za ka iya zare ɗaya ka kai gidan rediyo ta tsaya da ƙafarta, kuma haka aka yi ma da ta ƙarshen. Je ka zari minti huɗu daga tsakiyar Close to the Edge ka ba mutum, zai ce maka ina farkon ina ƙarshen. Bambancin ke nan tsakanin jera buhu huɗu a amalanke ɗaya da kuma tuƙa tuwo ɗaya a babbar tukunya.

Daga 1979 kuwa magana ta fito fili. Faifan Discovery ya zo lokacin da disko yake tashe, aka rage masu gogen daga zama 'yan ƙungiya, kuma Don't Bring Me Down wadda ita ce ta fi kowace waƙarsu hawa sama a Amurka babu goge a cikinta ko ɗaya, ganga ce da jita da fiyano da murya. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare, da miyar ta ƙare sai aka ga abin da mutumin nan ya fi iyawa shi ne ƙera gajeriyar waƙa mai kama zuciya. A 1980 suka yi waƙar Xanadu da mawaƙiya Olivia Newton-John ta zo ta ɗaya a Ingila. A 1981 sun dawo da faifai mai labari guda, Time, kan mutumin da aka kai shi shekarar 2095, to nan ma Kawu ya ɗaga yatsa, amma labari guda kaɗai ba ya isa, waƙoƙin ciki gajeru ne masu amshi. Ka duba ma inda Lynne ya nufa bayan nan, a 1988 yana ƙungiyar Traveling Wilburys tare da George Harrison da Bob Dylan da Tom Petty da Roy Orbison, shi aka kira kuma ya haɗa wa ragowar Beatles waƙar Free as a Bird da ta fito a 1995, duk mutanen gajeriyar waƙa ne, zuciyarsa tun asali can take.

Sai Kawu ya kawo hujjar da ta fi duka ƙarfi, wadda har ƙanina ya rasa amsa. Ya ce to su waɗanda ka zuba a foldar taka ba su juya ba ne? Genesis bayan Peter Gabriel ya tafi a 1975 Phil Collins ya karɓi waƙa, a hankali suka koma waƙar rediyo, Invisible Touch ta 1986 wane furog ne a cikinta? Yes da kansu a 1983 suka yi Owner of a Lonely Heart ta zo ta ɗaya a Amurka. Me ya sa su aka yafe musu aka bar su da sunan, su ELO aka kore su? Kuma Pink Floyd yawancin waƙoƙinsu takin huɗu ne a hankali, ba sa tseren yatsu a kan jita, amma ba mai musu a kansu. Moody Blues 'yan garin su ELO ɗin, faifansu na 1967 da okestira gajerun waƙoƙi ne aka haɗa da kiɗa a tsakani, ana lissafa shi cikin tushen furog. Wannan gaskiya ne, kuma ya nuna iyakar ba katanga ba ce, irin iyakar gona ce da ake sa gamba, damina ɗaya ta matsa nan wata ta matsa can.

Amsar da na samu ita ce ta manoma. Gonar da aka shuka gero aka yi mata ratsin wake, gonar gero ake ce mata, ba dan babu wake ba sai dan da gero aka san ta kuma shi ya cika rumbu. Genesis da Yes aikin da ya kafa sunansu, wanda makaɗan baya suka koya daga gare shi, shi ne dogayen nan na 1971 zuwa 1977, sun yi shekaru a kai faifai bayan faifai. ELO kuwa abin da ya cika musu rumbu, wanda ya sa a 1978 suke cika filaye da dandamali mai siffar jirgin sama jannati, shi ne na 1975 zuwa 1980. Furog ɗinsu na shekara uku zuwa huɗu ne a farko lokacin suna neman hanya. Dan haka in ka tambaye ni ƙungiyar gaba ɗaya a kalma ɗaya zan ce ba furog ba ce, ƙungiyar waƙar yayi ce mai okestira wadda ta fito daga gidan furog kuma ba ta taɓa yar da kayan gidan duka ba. In kuma faifai-faifai za a bi, na farko da na biyu furog ne ba tantama, na uku ya fi rabi, Eldorado yana tsaye a kan iyaka ƙafa ɗaya nan ɗaya can.

Akwai abin da na lura da shi a dare na uku wanda ina ganin shi ne ainihin abin da ya hana gardamar mutuwa, kuma ba a teburin mai shayinmu kaɗai ba. Kalmar ce da kanta. Furogiresib, mai ci gaba. Mu nan ƙasar Kano mun san nauyinta tun daga NEPU ta su Malam Aminu Kano da aka kafa a 1950, tana cikin sunan jam'iyyar, kuma har yau jam'iyyu suna son ta a sunansu, dan duk wanda aka ce ba ya cikin masu ci gaba kamar an ce masa ɗan koma baya ne. To haka Kawu ya ji ta. Da ƙanina ya fitar da ELO daga foldar, shi Kawu ba tsarin taki ya ji ana magana ba, ji ya yi an ce abin da ya kashe albashinsa a kai yana saurayi, abin da ya ɗebe masa kewa a ɗakin haya a Kano nesa da gida, ƙaramin abu ne na yara. Shi kuma ƙanina yana riƙe da kalmar kamar rawani, wanda ya cancanta kaɗai za a naɗa wa. Su biyun duka sun mai da ita sarauta alhali suna ne na irin gini, kamar ka ce soro ko ka ce tafarfara. Kuma abin da mutane suke mantawa, kalmar ba kullum take yabo ba, wajen 1976 da 1977 da 'yan pank, masu wani sabon salon rok mai kaushi, suka taso a Ingila da waƙoƙinsu na minti biyu masu zafi, furog zagi ya koma, ana ce musu masu girman kai da dogon surutu, a daidai lokacin ELO suna ta sayar da faifai dan ba a ɗaure suke da sunan ba.

Ni kuma a wajena ƙera waƙar minti huɗu da za ta rayu shekara kusan 50 har yaron da aka haifa bayan 2000 a Jigawa ya san ta a wayarsa ba ƙaramin aiki ba ne, ban yarda ya gaza ƙera ta minti 20 wahala ba. Ka saurari Telephone Line da iyafis ka ji yadda aka fara da ƙarar bugun waya, murya ta shigo siririya kamar daga cikin layin, sannan a hankali ta buɗe gogen ya taso a ƙarƙashinta, wannan tunani ne na wanda ya zauna a makarantar furog ya koyi yadda ake jera sauti sannan ya zuba ilimin a ƙaramin kwano. A 2017 an shigar da ELO zauren girmamawa na rok da ke Amurka, a shekara ɗaya da Yes.

Na faɗa wa Kawu duk wannan da safe ya zo karɓar wayarsa, na ce Kawu Allah ya ƙara maka lafiya, ukun farko na mai da su furog, daga Face the Music zuwa sama na buɗe musu folda na rubuta waƙar yayi mai okestira, ban bar su kusa da disko ba, Eldorado kuma na kwafe shi gida biyu tunda megabait nawa ne. Ya ɗan yi shiru, ya ce Out of the Blue ɗin fa, na ce yana sabuwar foldar, ya ce bai yarda ba har yanzu, fuska ta uku ko ita kaɗai a cire ta a kai ta wajen su Yes. Ƙanina ya ce in aka yi haka Mr. Blue Sky ta shiga furog ke nan, Kawu ya ce ta shiga mana. Ban cire ba tukuna. Ya miƙo memorinsa ya ce in zuba masa duka tun daga 1971 har 1981 a jere yadda suka fito kar in raba, zai tafi da rediyonsa gona ana yankan riɗi.